Rex, Nero ko Fido: wane sunan Latin ya dace da karen gadinka?

Tun da sace-sacen batirin sola ya yi yawa a unguwarmu a Birnin Kebbi, gidaje da dama suka koma kiwon kare. Da can sunan kare ba ya wuce Duna ko Bingo, ko irin sunayen habaici da mafarauta ke sa wa nasu. Yanzu samari sun gano sunayen Latin, harshen Rumawan da, kowa sai ka ji Rex ko Nero. Na kiwata karnuka uku a jere, na kuma sha kuɗa a hannun masu sayarwa, don haka ga abin da zan ce wa mai shirin zaɓe.

Rumawan ma sun yi tunani a kan wannan. Wani marubucinsu kan harkar noma, Columella, a ƙarni na 1 miladiyya ya ba da shawarar kada sunan kare ya yi tsawo, kada kuma ya gaza gaɓa 2, don ya ji kira da sauri. Har misali ya kawo: Ferox, wato mai zafin rai, Celer mai sauri, sai Lupa da Tigris ga karya. Da wannan ma'auni Rex da Max sun faɗi, don gaɓa ɗaya-ɗaya ne, kuma kafin bakin Bahaushe ya gama da su sun zama "Rakas" da "Makis". Ga kuma ma'anar Rex, sarki. A ƙasar Gwandu, in dattijo ya tambaye ka fassarar sunan karenka, ina son in ga yadda za ka amsa masa.

Nero sarkin Rum ne daga shekarar 54 zuwa 68, kuma shi ya sa aka kashe mahaifiyarsa. Ba na kiran wannan suna a tsakar gidana. Brutus yana cikin waɗanda suka daɓa wa Julius Kaisar, shugaban Rum, wuƙa a shekara ta 44 kafin miladiyya, ka ga mai gadi da sunan maci amana. Leo zaki ne, yana da daɗin kira, amma sunan mutane ne, Fafaroma na yanzu ma shi yake amsawa, kuma muna da maƙwabta Kirista. Haka Felix da Victor. Bella kuwa, ka tsaya ƙofar gida da magariba ka ƙwala shi da ƙarfi ka ga ko wani Bello ba zai waiwayo ba. Rigimar da za ta biyo baya sai an kai ta gaban mai unguwa.

Nawa zaɓin Fido ne. Ma'anarsa "na amince", daga tushen da ya ba su kalmar amana, kuma me kake nema wurin kare in ba wannan ba? Gaɓa biyu ne, ya ƙare da wasali, ana iya jan sa a kira daga nesa. Ba sunan kowa ba ne a nan, ba ya kama da zagi. Mahaifiyata da Sakkwatancinta "Hido" take ce masa, shi kuma yana zuwa da gudu. Yara sun mai da shi waƙa, "Fido, fito!" Sunan yana da tarihi ma. Abraham Lincoln na Amurka yana da kare Fido, wanda ya bari a garin Springfield lokacin da zai tafi kama mulki a 1861. A Italiya kuma an yi wani Fido da ubangidansa ya mutu a harin bam a 1943, ya ci gaba da zuwa tashar mota yana jiransa har ya mutu a 1958. Mutanen garin Borgo San Lorenzo har mutum-mutuminsa suka kafa. Wasu na cewa sunan ya tsufa a Turai. To, mu nan bai ma iso ba tukuna.

Kafin ka ɗauki kowane suna, ka tabbatar da fassararsa. Deus na nufin abin bauta, Dominus ubangiji, Angelus mala'ika. Na ji wani yaro yana kiran kwikwiyonsa Dominus don kawai ya yi masa daɗi a kunne. Na ce, "Ɗana, ka san me kake faɗa?" Da na gaya masa, jikinsa ya yi sanyi.

Inda aka fi cutar mutane shi ne wurin saye, don sunan Latin ya zama jarin 'yan damfara. Karena na farko ta WhatsApp na gan shi, an rubuta "Maximus, ɗan asalin Jamus". Mai shi ya kawo min shi cikin kwali, da wani kati mai hatimi wai an yi masa dukkan allurai. Na biya kuɗin da zai sayi tunkiya. Kwana 6 ya fara amai da gudawa da jini, mai wari sosai. Likitan dabbobi ya duba katin ya ce, "Alhaji, wannan ko lambar kwalbar allura babu." Ya duba haƙoransa ya ce bai kai ma lokacin yaye ba. Kwana biyu bayan nan ya mutu, lambar mai sayarwa kuma a kashe.

Saboda haka kada ka sayi kwikwiyon da ba ka ga uwarsa da idonka ba, a gidan da aka haife shi, tana shayar da shi. Hoton uba a waya ba hujja ba ne, kowa na iya sauko da shi. Kada ka karɓi wanda bai kai mako 8 ba. Katin allura na gaskiya yana ɗauke da kwanan wata, da 'yar takardar da aka ɓare daga jikin kwalbar, da sa hannun likitan da za ka iya nema ka same shi. Allurar ciwon haukan kare sai ya kai kamar wata 3 ake yin ta, don haka duk wanda ya ce ɗan wata ɗaya ya riga ya samu, ƙarya yake. In aka ce maka mai gashi buzu-buzu ne daga Rasha, ka tuna zafin Afrilu a Kebbi yana haura digiri 40.

Fidon da ke gidana yanzu ɗan gida ne ja, daga wani mafarauci a hanyar Jega na karɓo shi, kuma ni na kai shi allura da kaina.