Bushin gaba daga Suame Magazin: baƙin ya ci kuɗinsa, jan kuma sai an san wurinsa

Bushi, wato robar da ake sawa a mahaɗar ƙarafan ƙasan mota don ta shanye bugu, iri biyu na sayo a wani shago cikin Suame Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi, don gaban tsohuwar a-kori-kurata: baƙi na roba mai riga ta ƙarfe, na hannun sama (ƙarfen da ke riƙe tayar gaba ta sama), da kuma ƙunshin jajaye na foliyuritan, na sandar sitabilaiza mai rage kwanciyar mota a kwana da sandar tenshin mai hana taya matsawa gaba da baya. Baƙin ba ni da abin cewa a kansa sai yabo. Jan kuwa rabinsa ya yi mini, rabinsa na cire.

Motar Nissan Hardbody D21 ce mai injin dizal TD27, samfurin da ya fara fitowa tun tsakiyar shekarun 1980. Aikinta ɗauko masara da doya daga Ejura zuwa Kumasi ta hanyar Mampong, saboda haka gabanta ba ya hutawa. Da robobin suka mutu, ba ta ɓoye ba. Kowane tudun rage gudu a Tafo da Pankrono sai ka ji ƙwas daga ƙasa, in ka taka birki ta karkata hagu, tayar gaba kuma tana cinyewa ta gefen ciki alhali tsakiyarta da saura. Na ɗaga ta, na zura liba tsakanin hannun sama da shasi na ɗan danna, sai ga hannun yana rawa, robar ta tsattsage ta rabu da ƙarfenta, garinta baƙi yana zuba a hannuna.

A tsakar gidanmu a Aboabo na yi aikin, ni da ɗan yayata. Gaban wannan mota ba shi da sifirin mai murɗiya, doguwar sandar ƙarfe ce da ake kira "toshin ba" take ɗauke da nauyi ta hannun ƙasa. Wannan ya sa hannun sama yake da sauƙin fita: ka tokare na ƙasa da jak, ka saki boljoyin, wato mahaɗar hannun da ɓangaren taya, ka kwance bolti biyu. Bayan boltin nan akwai siraran ƙarafa da ake kira shim, su ne suke riƙe da saitin tayar. Na ɗaure na kowane bolti daban da waya, na rubuta gaba ko baya da alli a jikin bango. Motar kuma a kan ƙafafun ƙarfe na zaunar da ita. Har yanzu ina ganin masu tokare mota da bulon siminti su shiga ƙarƙashi, kuma bulo ba ya yin gargaɗi kafin ya fashe.

Fitar da tsohon bushi ne ainihin wahalar. Tsatsa ta haɗe rigarsa da hannun, guduma ba ta yi komai ba sai tara yara. Ɗan yayata ya ce, "Kawu, mu ƙona shi mana, haka ake yi a Magazin." Ana yi, gaskiya ne, amma hayaƙin roba a gidan haya mai ɗakuna da yawa, ga mata suna girki a tsakar gida, ai sai a kai ƙarata wajen mai gida. Na saka hannuwan biyu a buhu na hau mota zuwa Suame wajen wani tsohon fita, wato makanike, mai injin matsi. Kafin in gama shan koko ya fitar da tsofaffin ya tura sababbin, kuma a nan na fara yarda da baƙin bushin: ya shiga da ƙarfi daidai, bai yi sako-sako ba, rigarsa ba ta lanƙwashe ba. Masta ya juya ɗaya a hannunsa ya danna da babban yatsa ya ce, "Alhaji, wannan roba ce ta gaske. Amma kada ka ɗaure notinsa motar tana sama."

Wannan magana tasa ta fi kuɗin matsin daraja, kuma ba a rubuta ta a jikin kwalin ba. Baƙin bushi ba juyawa yake yi ba. Robar a manne take da ƙarfen ciki da na waje, idan taya ta hau ko ta sauka murɗewa take yi ta dawo. In ka ɗaure shi tam lokacin da tayar ke lilo a iska, da zarar ka sauke motar robar ta riga ta murɗe, haka za ta zauna dare da rana, rami na farko kuma ya ƙara mata. Yawancin bushin da ake zagi a ce jabu ne, ni ina zargin a nan aka kashe shi. Na bar notin da ɗan sassauci, na sauke motar a kan tayoyinta, muka jijjiga ta, sannan na kwanta a kan kwali na ɗaure. Wurin a matse yake, sifana ba ta juyawa sai kaɗan-kaɗan.

Jan bushin wani hali ne da shi daban. Ba ya buƙatar matsi, da hannu ake tura shi, kuma baƙin mai da ke ɗiga daga inji ba ya ruɓar da shi kamar yadda yake yi wa roba. A sandar sitabilaiza ya burge ni. Da kaya a baya, a kwanonin hawan Mampong, motar ta rage kwanciya gefe, sitiyari kuma yana amsawa nan take. Sai dai shi zamewa yake yi a kan ƙarfe, don haka rayuwarsa giris ce, kuma giris ɗin da suka sako a ƙunshin bai fi lakacen yatsa ba. Da hunturu ya shigo da ƙura sai ya fara kuka, ƙiiƙ ƙiiƙ kamar ƙofar langa-langa, har na kwance na sake shafa masa na silikon.

A sandar tenshin ne muka ɓata da shi. Wannan sanda ita ke hana tayar matsawa gaba da baya, kuma dole ƙarshenta ya riƙa lanƙwasa cikin bushi duk lokacin da hannun ƙasa ya motsa. Jan ya yi mata tauri. A kan kwalta lafiya lau, amma da na shiga hanyoyin jar ƙasa na ƙauyukan Ejura, kowane rami sai in ji shi a tafin hannu, kuma bugun da roba za ta shanye yana komawa kan zaren sandar ne. Sandar da ta haura shekara ashirin ba zan ɗora mata wannan ba. Na mayar da baƙi, motar ta yi laushi.

Akwai na uku da mutane ke tambaya, wato bushin da masu sana'a a Magazin ke yankawa daga tsohuwar taya a gabanka. Ba na raina shi. Yana da arha, kuma a sitabilaiza ko idon shakazoba yana aiki. A hannun sama dai ba zan sa ba, domin ba a manne yake da ƙarfe ba.

Bushin hannun ƙasa ban taɓa shi ba, da sauransa. Wanda nasa ya mutu ya sani sai an sassauta toshin ba, kuma kafin ya kwance ya auna tsawon zaren boltin saiti ya yi wa haƙoran sandar alama da fenti, in ba haka ba motar za ta tsaya a karkace. Ko an mayar da shim yadda suke, a kai ta alaimen, wato saitin tayoyi a na'ura, domin saitin da aka yi a kan matacciyar roba ba zai dace da sabuwa ba. Tawa da aka ɗora ta a na'ura sai da aka rage shim ɗaya a dama. A lissafa kuɗin wannan da na matsi tun kafin a ce aikin gida ya fi arha, kuma in mai shago ya miƙo jan ƙunshin a nemi ya raba, a ɗauki na sitabilaiza kawai.