Gwarinpa ko Kubwa: Amsa ga Mai Shirin Dawowa da Iyali Abuja

Malam, ka ce an yi maka canjin wurin aiki daga Kano zuwa Sakatariyar Tarayya a Abuja, kana da yara biyu, ɗaya zai shiga SS1, babbar kuma ta gama SS2, kana tambaya ko Gwarinpa za ka nemi gida da makarantar kuɗi ko Kubwa.

Kafin maganar unguwa, batun babbar 'yarka ne ya kamata ya yanke hukunci. Makarantun kuɗi da yawa ba sa son karɓar ɗalibi a SS3, saboda WAEC tana buƙatar makin gwaje-gwajen da ɗalibi ya tara tun daga SS1. Saboda haka ka karɓo sakamakonta na dukan zangunan da ta yi tare da takardar canjin makaranta, ka sami wadda ta amince ta ɗauke ta kafin Satumba, sannan ka nemi gida kusa da ita. Wanda ya fara biyan hayar shekara kafin ya sami makaranta, shi ne yakan ƙare da safarar yara daga wannan gefen gari zuwa wancan.

Gwarinpa tana cikin ƙaramar hukumar birni, wato AMAC, babban rukunin gidaje ne da aka fara ginawa a zamanin Janar Abacha, titunanta a tsare suke, kuma ta fi kusa da wurin aikinka. Kubwa tana ƙarƙashin Bwari, can gaba a kan babban titin da ya nufi Zuba, kuma hayarta ta fi sauƙi ƙwarai. Sai dai Kubwa ba iri ɗaya ba ce: gidan da ke Phase 4 daban yake da wanda ke cikin lungunan Byazhin, inda damina kan mayar da wasu hanyoyi caɓi, har motar makaranta ta riƙa tsayawa a bakin kwalta yara su ƙarasa da ƙafa. A duka biyun za a nemi hayar shekara gaba ɗaya, da kuɗin dillali da na lauya, kowanne galibi kashi 10 cikin 100, da kuɗin ajiya saboda ɓarna. A Gwarinpa da makwabciyarta Dawaki, gidajen da ke cikin shinge sukan ƙara kuɗin gadi da kwashe shara. Kada ka manta ka buɗe famfo da hannunka, ka kuma tambayi maƙwabta, ba dillali ba, ko a wurin 'yan ga-ruwa suke sayen ruwa.

Ta fuskar makaranta, kuɗin zango a Gwarinpa yakan bi tsadar unguwar, a Kubwa kuwa akwai masu matsakaicin kuɗi da yawa, har da masu haɗa boko da Islamiyya. Kyan gini kada ya ruɗe ka a ko'ina. Ka nemi ganin takardar amincewar hukumar ilimi ta Abuja, ka tambayi lambar cibiyarsu ta WAEC da NECO, domin makarantar da ba ta da ita sai ta kai ɗalibanta wata makarantar su zana jarrabawa. Ka leƙa ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, ka ga ko kayan suna da alamar ana taɓa su.

Ni dai, idan albashi ne kaɗai abin dogaro, Kubwa zan zaɓa, gida da makaranta duka a can, kai kaɗai ka sha cunkoson safe da na yamma, yara kuwa su huta. Akwai ma tashar jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a nan Kubwa, wadda za ta rage maka wahala idan za a leƙa gida. Idan kuwa uwargida ma a cikin gari za ta yi aiki, Gwarinpa ta cancanci tsadarta. Kafin ka sa hannu, ka kwana a unguwar ranar Lahadi, ka fito da ƙarfe 6:30 na safiyar Litinin, ka duba agogo lokacin da ka isa ofis.