Agogon nutso na mita 600 da ruwan alwala ya kashe

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, da fatan kowa yana lafiya.

A nan Biyel ta ƙasar Suwizalan, garin da hedikwatar Omega take, kuma inda Rolex ke ƙera injinan agogunanta, shagon gyara na ƙwarai ba ya mayar wa mutum agogon nutso bayan an buɗe shi sai an sa shi a na'urar gwajin matsi, an buga sakamakon a 'yar takarda an haɗa da rasit. Ko leƙa injin kawai aka yi aka mayar da murfi, sai an gwada. Mu a gida muna zuba maƙudan kuɗi a kan irin waɗannan agoguna, amma gwajin nan na 'yan mintuna ba ma tambayarsa, kuma rashinsa ne ke kashe su.

Abin da ya tayar da maganar shi ne wani agogo da wani Alhaji ya aiko daga gida a duba masa. Ƙato ne, faɗinsa ya kai milimita 45, an rubuta mita 600 a fuskarsa, kuma na asali ne, ba jabu ba. Ƙorafin dai yana tsayawa, sannan da safe gilashin kan yi gumi ta ciki. Dattijon mai gyara da ya karɓe shi bai fara da buɗewa ba. Ya ɗora shi a na'urar gwaji marar ruwa, wadda ke zuƙe iska sannan ta matsa iska, tana auna ɗan lotsawar da jikin agogon ke yi wadda ido ba ya gani. Agogon da yake a toshe yakan lotsa ya tsaya a haka. Mai yoyo kuwa iska na shiga cikinsa, sai ya koma yadda yake. Wannan ko matakin farko bai wuce ba.

Da aka kwance murfin baya sai ga abin kunya. Gefen murfin duk sawun filaya ne. Zoben robar da ke toshe murfin ya baje, ya tsinke a wuri ɗaya, an liƙe shi da supa gulu. Zaren da mamurɗi, wato ɗan kan da ke gefen agogo na yin waini da saita lokaci, ke ɗaurewa a kansa ya cinye, ko an murɗa ba ya kamawa. Sandar mamurɗin ta yi ja da tsatsa, tsatsar ta bi ta har cikin ƙananan ƙarafan da ke saita lokaci da kwanan wata. Ga kuma mai da aka kwarara wa injin, irin na keken ɗinki, ya haɗu da ƙura ya daskare. Dattijon ya ɗage tabaron da ke idonsa ya tambaya a wane teku mai agogon yake nutso. Alhali ko kududdufi bai taɓa shiga da shi ba. Ruwan alwala ne, sau biyar a rana, yake bi ta mamurɗin da ba ya rufuwa. Dattijon bai ƙara cewa komai ba, ya dai jera ɓarnar a kan farar takarda ɗaya bayan ɗaya yana ɗaukar hoto don a aika wa mai shi. Wallahi shirun nan ya yi mini ciwo, domin aikin hannun mutanenmu ne a shimfiɗe.

Ƙofa uku ruwa yake nema a jikin agogo: bakin gilashi, murfin baya, da mamurɗi. Kowace an toshe ta da zoben roba ko na wani leda mai tauri, kuma zoben nan ne ke tare ruwan, ƙarfen matse shi kawai yake yi. Roba kuwa tana tsufa, tana bushewa, zafi irin na bazararmu yana gaggauta mata. Shi ya sa a nan wanda ke shiga ruwa da agogonsa yake kai shi gwaji duk shekara. A cikin ƙofofin uku mamurɗi ne ya fi rauni, domin shi kaɗai ne mai agogo ke buɗewa da hannunsa. Rolex ta jera masa robobi a wuri uku, ta kira tsarin Triplock. Panerai ta yi masa kariya mai siffar rabin wata da ɗan hannu da ke danne shi. Yadda ake rufe mai zare shi ne a danna shi ciki a hankali, a murɗa da yatsa biyu har ya tsaya da kansa. Idan ya cije tun a murɗin farko, zaren ya hau a karkace ne, sai a koma baya a sake. Wanda ya ƙara ƙarfi a wannan gaɓar shi ke cinye zaren, kuma daga nan sai canjin bututu da mamurɗi gaba ɗaya.

Lambar da ke fuskar agogon lissafi ne na gaske. Duk mita 10 da aka nutsa, ruwa yana ƙara matsin bar ɗaya, wato kusan nauyin kilo ɗaya a kan kowace murabba'in santimita. Ƙa'idar duniya ta agogon nutso, ISO 6425, ta ce mafi ƙaranci mita 100, kuma kowane agogo ɗaya-ɗaya za a gwada a cikin ruwa da ƙarin kashi 25 cikin ɗari, don haka na mita 300 sai ya jure matsin mita 375. Bayan an fito da shi a ɗumama shi zuwa digiri 40 ko 45, a ɗiga ruwa mai sanyi a kan gilashin, a jira minti ɗaya a goge. In an ga raɓa ta ciki, ya faɗi. Dole kuma a iya karanta lokaci a cikin duhu daga nisan santimita 25. Agogon kwalliya da aka rubuta wa mita 30 ba ya cikin wannan layi, yayyafi kawai yake ɗauka.

Girman da ke burge mu a wurin biki daga wannan matsin ya samo asali. Rolex Deepsea faɗinsa milimita 44 ne, kaurinsa 17.7, gilashinsa kaɗai milimita 5.5, saboda a zurfin mita 3,900 da aka yi shi dominsa nauyin da ke kan gilashin ya kai kusan tan uku. A cikinsa akwai zoben ƙarfe da ke tokare tsakanin gilashi da murfin baya na taitaniyom, shi ke ɗaukar nauyin. Omega Ultra Deep milimita 45.5 ne, na mita 6,000. A 2022 Rolex ta fitar da Deepsea Challenge mai milimita 50 na mita 11,000, jikan wanda aka ɗaura a jikin jirgin nutso mai suna Trieste a 1960, lokacin da Jacques Piccard da Don Walsh suka sauka ƙasan ramin Mariyana a Tekun Fasifik. Masu nutson shaƙatawa dai iyakarsu mita 40. A ganina Rolex Submariner mai milimita 41 da mita 300 ya wadatar da duk wani Bahaushe. Deepsea na ƙarfe ya haura giram 200, ba ya shiga ƙarƙashin hannun riga mai links, kuma a siririn wuyan hannu kunnuwansa sukan zarce gefe, ya riƙa juyawa yana dukan ƙofar mota. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Zobe mai juyawa da ke kewaye da gilashin ta waje, tun 1953 da Blancpain Fifty Fathoms da Submariner suka fito, aikinsa ƙidaya mintuna ne. Ana daidaita alamar samansa da dogon hannun agogo a lokacin shiga ruwa. Na yanzu hagu kawai yake juyawa, don in ya bugi dutse ya motsa, ya nuna lokacin ya fi tafiya, mai nutso ya fito da wuri iskarsa ba ta ƙare ba. Yawancinsu yanzu na siramik ne, ba sa ƙarcewa, rana ba ta koɗar da su, amma in suka faɗi a kan tayil sukan tsage, kuma ba a gyara su sai canji. Ƙurar hunturu tana shiga ƙarƙashin zoben ya cije. Maganinsa a tabbatar mamurɗi a rufe yake, a wanke da ruwa mai tsabta da burushin haƙori mai laushi ana juya zoben. Mai ba ya zuwa wurin, ƙura yake tarawa. Shi kuma ɗan maɓallin da ke wajen ƙarfe 10 a wasu Omega, ko ɗan da'irar da ke gefen Rolex Sea-Dweller, bawul ne na fitar da iskar hiliyom. Na ma'aikatan da ke kwanaki a ɗakin matsi suna aikin bututun mai a ƙarƙashin teku ne, inda hiliyom ke kutsawa cikin agogo, in an rage matsi ya ɓalle gilashin. Wanda ba ya wannan aikin ya bar shi a ɗaure.

Injin ba ya da batir. Wani rabin faifai mai nauyi ne ke lilo da motsin hannu yana ɗaure sifirin. Injin Rolex 3235 yana kai awa 70 a ajiye, Blancpain 1315 awa 120. In ya tsaya, a yi masa waini da mamurɗi sau talatin zuwa arba'in, a daina girgiza shi da ƙarfi. Kuma kada a ce ya lalace don ya saɓa wa waya: hukumar COSC mai tantance daidaiton lokacin agoguna a Suwizalan ta yarda da lattin daƙiƙa 4 zuwa gudun daƙiƙa 6 a rana, Rolex ta ɗaure kanta a kan 2. Wanda ya fara gudun mintuna a rana galibi maganaɗisu ya ɗauka daga sifika ko maɓallin jaka, siririn sifirin ɗinsa ya manne da juna. Cire maganaɗisun aikin 'yan daƙiƙoƙi ne a kan wata 'yar na'ura, ba tare da an buɗe murfi ba. Sababbin Omega suna jure maganaɗisu mai ƙarfin gaus 15,000, su wannan bai dame su ba. A injuna da yawa kuma ba a canja kwanan wata da hannu tsakanin kamar ƙarfe 9 na dare da 3 na asuba, saboda haƙoran sun riga sun kama aiki, tilasta su na karya su.

Kada ku ɗauka nan aljanna ce. Sai ka kama layi kafin a karɓi agogonka, a ɗauki makonni kafin a aiko maka da farashi a rubuce, gyaran kansa ya ci wasu makonnin, wani lokaci watanni. Ciniki babu shi ko kaɗan. Cikakken sabis, a kuɗin Suwizalan, daga faran ɗari da yawa ne zuwa sama da dubu, kafin a sa kuɗin kayan da aka canja. Ka ce a canja mamurɗi kawai a bar saura, a ce maka ba sa rabin aiki. Manyan kamfanoni sun ƙi sayar wa ƙananan masu gyara kayan gyara, sai wanda suka ba lasisi, kuma wannan rashin adalci ne da ke tura mutanenmu ga jabun kaya. In ba ka hana ba, za su goge jikin agogon da inji ya yi ƙyalli, alhali kowace guga ƙarfe take ci. Wasu samfuran ma kana riƙe da kuɗinka sai an rubuta sunanka a jerin jira. Abin da ke sanyaya zuciya shi ne ana kwance injin gaba ɗaya, a wanke, a ɗiga wa kowane wuri irin mansa, a canja dukkan robobi, a ba ka garantin shekara biyu a kan aikin. Sabo kuwa garantin shekara biyar ne a Rolex da Omega.

A irin wannan jiran ne kewar gida ke taso wa mutum. Mai gyara a bakin kasuwa da ɗan akwatin gilashinsa, ya ba ka benci, a gaisa a tambayi iyali, ya ce "Alhaji, dawo bayan la'asar", ka dawo ka tarar da Seiko 5 ɗinka tana tafiya. Hannun waɗannan mutane ba na wasa ba ne, sun rayar da agogunan da alhazai suka shigo da su shekaru aru-aru ba tare da littafi ko kayan gyara ba. A nan yaro shekara huɗu yake yi yana koyon cikakkiyar sana'ar, ga makaranta irin WOSTEP a Nushatel tun 1966. Namu basira suke da ita, kayan aiki da horo ne babu.

Sai dai mu masu saye laifinmu ya fi yawa. Mu ne ke cewa "buɗe in ga inji" a tsakiyar kasuwa, a cikin ƙura, kafin mu biya. Buɗewar nan kaɗai ta ɓata toshewar. Mu ne ke jefar da kwali da katin garanti, alhali a nan agogon da ba shi da kati darajarsa faɗuwa take yi, a kuma riƙa yi wa mai shi kallon tuhuma. Mahajjaci ya sauka Jidda ya ƙara awa biyu a agogo, ya manta bai ɗaure mamurɗi ba, ya wuce wurin alwala. Muna fesa turare a wuyan hannu da agogo a ɗaure, sinadarin yana cin roba. Muna barin sa a gaban mota a rana tsaka. In gilashi ya yi gumi sai mu shanya shi a rana mu ce ya bushe, alhali ruwan yana ciki, tsatsa kuwa a cikin kwanaki take kamawa. Gumi a gilashi na nufin a kai shi a buɗe a busar tun ranar.

Duk mai gyaran da ke karɓar irin waɗannan agoguna, a Kano ne ko Zariya ko Maraɗi, ya kamata ya mallaki mabuɗin murfi daidai da samfurin, da robobi sababbi kala-kala, da man silikon na shafa musu, da na'urar cire maganaɗisu, da tulun gwajin ruwa. Tulun nan na gilashi ne mai famfo, bai kai kuɗin sabis ɗaya na nan ba. Ana zuba ruwa rabi, a rataye agogon a saman ruwan, a rufe, a buga iska zuwa bar 3 ko 5, a jira 'yan mintuna. In akwai yoyo iskar za ta shiga cikin agogon. Sai a saukar da shi cikin ruwan, a fara sakin iskar a hankali ana kallo. Kumfa ɗaya ko biyu daga ƙarƙashin zobe iska ce da ta maƙale. Wadda ke fitowa a jere daga wuri ɗaya ita ce yoyo, kuma ta nuna ƙofar da ta lalace. A ɗaga agogon daga ruwan tun iskar ba ta gama fita ba, in ba haka ba ruwan zai bi hanyar ya shiga. Gwajin bai kai na nutso ba, amma ya isa a san ko agogon zai ɗauki alwala da ruwan damina, kuma bayan canjin roba sai an sake shi kafin a miƙa wa mai agogo kayansa.