Diski mai juyawa ko SSD? Amsa ga ƙanenmu mai ɗaukar bidiyon biki

Ƙanena, in dai ajiyar shekaru kake nufi da waɗannan bidiyon bikin, sayi diski mai juyawa, wato HDD. In aljihu ya yarda, sayi biyu.

Nawa diskin mai tera ɗaya, wato giga dubu, tun 2016 yake hannuna. Hawan Sallar ƙofar fadar Sarkin Damagaram yana ciki, da auren ƙanwata a Birni. Ya taɓa yin shekara biyu cur a cikin kwalla ƙarƙashin gadon Inna, naɗe da tsohon zane, zafin Afrilu ya bi ta kansa har sau biyu. Ranar da aka ce a nemo hoton marigayi kawunmu, na jona shi, ya yi ɗan gurnani, sai ga komai. Inna na ganin fuskar yayanta bisa doki ta fashe da kuka.

Ba sa'a ba ce. Ka taɓa goga allura jikin mayen ƙarfe, ka ɗauke mayen, allurar ta ci gaba da kama 'yar'uwarta? To haka faifan ciki yake. An shafe shi da wani gauraye na kobal da kuromiyam da filatinam, siririn da gashin kanka ya ninka kaurinsa sau dubbai. Inda aka juya maganaɗisun, nan yake tsayawa. Sai an zo da ƙarfin da ya fi nasa ta ɗaya ɓarin kafin ya juyo. Taurin kan nan shi ne ajiyar, ba ya neman wuta. Kar ma ka ji tsoron mayen sifika, akwai wanda ya fi shi ƙarfi a cikin diskin kansa.

Ɗan kan da ke karanta faifan ma abin mamaki ne. A 1988 Albert Fert a Faransa da Peter Grünberg a Jamus, kowa da nasa binciken, suka jera ƙarfe da kuromiyam hawa-hawa. Idan kuromiyam ɗin tsakiya ya yi siriri, wajen nanomita ɗaya, wato kashi ɗaya cikin miliyan na milimita, sai maganaɗisun ƙarfen sama da na ƙasa su juya wa juna baya. Ka kawo maganaɗisu su fuskanci wuri guda, nan take wuta ta fi samun hanyar wucewa. Kamfanin IBM ya sa dabarar a kan da ke karanta diski a 1997, su biyun kuma suka karɓi kyautar Nobel a 2007.

SSD kuwa, wato diskin da babu abin da ke juyawa a cikinsa, to, yana da sauri, kuma ba ya tsoron gargadar kabu-kabu. Amma cajin lantarki yake riƙewa a ƙananan ɗakuna, cajin yana yoyo in ya daɗe ba a jona ba, zafi kuma yana ƙara yoyon. A garin da ake haura digiri 40, ni dai ban ba shi amanar hoton kawu ba. Aikin yau da gobe kawai nake yi a kansa.

Babban aibin HDD shi ne faɗuwa, musamman yana cikin juyi. Kar ka ɗaga shi yana aiki.

Ba ka tambaya ba, amma ka kiyayi masu shago. Wani ya taɓa sayar mini da "SSD mai tera biyu" a kuɗin da bai kai rabin na gaske ba. Da ya cinye aikin wani biki na ɓalle shi, sai ga ƙaramin katin waya an liƙe da gam. Wasu kuma tsohon diski suke sa wa sabon gida. Ka tafi da kwamfutarka, ka buɗe manhajar CrystalDiskInfo ka ga awa nawa diskin ya yi yana aiki, ka gwada girmansa da manhajar H2testw. In mai shago ya fara cewa sauri yake, mayar da jikkunanka aljihu ka ƙara gaba.