Awon leza ko injin wasan kwamfuta: wanne ya fi dacewa da tsohon gini?

Ɗan'uwa, ka tambayi wanda ya fi amfani ga mai son adana tsohon gini da nuna shi ga jama'a, tsakanin auna shi da na'urar hasken leza da sake ƙera shi a cikin injin haɗa wasannin kwamfuta, irin su Unreal Engine da Unity. A ganina kowanne da aikinsa, kuma abin da ya faru da majami'ar Notre-Dame ta birnin Faris ya isa hujja.

Ranar 15 ga Afrilu 2019 gobara ta cinye rufin majami'ar, ta kuma kayar da dogon tsininta. Tun toka ba ta huce ba aka yi ta yaɗa cewa wasan Assassin's Creed Unity, wanda kamfanin Ubisoft ya fitar a 2014, shi zai zama jagorar masu gyara. Gaskiya ne mai zanen, Caroline Miousse, ta kwashe kusan shekara biyu tana ƙera ginin, kuma aikin ya ƙayatar matuƙa. Sai dai don mai wasa aka yi shi: an sauya wasu sassa domin ya sami wurin kamawa da hawa, sannan aka ɗora tsinin da mai zanen gini Viollet-le-Duc ya gina a ƙarni na 19, alhali labarin wasan na zamanin juyin juya halin Faransa na 1789 ne. Babu maginin da zai sassaƙa dutse bisa irin wannan siffa.

Abin da masu gyara suka dogara da shi awo ne, ciki har da na Andrew Tallon, masanin tarihin gine-gine na Kwalejin Vassar a Amurka, wanda ya rasu a 2018. Yakan kafa na'urarsa a kan ƙafa uku, ta riƙa juyawa tana harba haske a jikin bango tana lissafa nisan kowane wuri, sa'an nan ya matsa gaba ya sake kafawa, har ya tara ɗigo sama da biliyan 1, kuskuren awon bai wuce 'yan milimita ba. Irin wannan aiki yana nuna ginshiƙin da ya karkace da bangon da ya kumbura, ko da ido bai gani ba. Amma idan ka buɗe shi a gaban ɗalibi, hazon ɗigo-ɗigo kawai zai gani, ga nauyin da ba kowace kwamfuta ke iya ɗauka ba.

A nan ne injin wasa ya yi zarra. Mutum zai shiga ta ƙofa da kansa, ya ɗaga kai ya kalli rufi, ya ga yadda hasken hantsi ke shigowa ta taga ya bambanta da na la'asar, ya ji amon murya a cikin zaure, har ma a nuna masa ginin yadda yake kafin a yi masa ƙari. Unreal Engine 5, wanda ya fito a 2022, yana ɗaukar siffa mai tsananin dalla-dalla ba tare da an rage ta sosai ba, amma yana buƙatar kwamfuta mai ƙarfi. Unity ya fi sauƙin dacewa da waya, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda masu kallonsa ƙananan wayoyi suke riƙe da su, suna kuma tattalin data.

Hatsarin injin shi ne kyawunsa, domin inda mai ƙira ya cike giɓi da hasashe yakan fito daidai da inda aka auna, mai kallo ba zai rarrabe ba. Saboda haka ne Yarjejeniyar Landan kan nuna kayan tarihi ta kwamfuta, wadda aka tsara a 2006, ta nemi a riƙa bayyana abin da ke da shaida da abin da zato ne. Ni ina goyon bayan a ba sashen hasashe launi na dabam.

Ga ginin ƙasa irin namu maganar ta fi gaggawa, tunda kowace damina tana cin bango, kowane yaɓe kuma yana sauya kamanninsa. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, wani sashensa ya rufta a watan Agustan 2023, har aka yi asarar rayuka. Idan bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke riƙe rufi, ya faɗi kafin a auna shi, sai dai a dogara da tsofaffin hotuna da zane-zane.

Don haka idan kuɗinka na abu ɗaya ne, fara da awo. In na'urar leza ta fi ƙarfin aljihu, ɗauki ɗaruruwan hotuna ta kowace kusurwa, kowanne ya ɗan hau kan na kusa da shi, ka haɗa su da manhaja irin wadda ake kira RealityCapture kafin a sauya mata suna zuwa RealityScan a 2025, wadda Epic Games, mai Unreal Engine, ya sayi kamfaninta a 2021. Siffar da ta fito za ka iya shigar da ita cikin Unreal ko Unity duk lokacin da hali ya samu.