Bidiyo ɗaya, yara talatin, ba wanda ya sayi data

Mutanen Jos, ina gaisuwa. Ranar Talata na sha kunyar da ban taɓa sha ba tun zuwana Ingila. Makarantar 'yata ta gayyaci iyaye, muka tarar da yara talatin, kowa da kwamfuta a gabansa, suna kallon bidiyon yadda zuciya ke harba jini. Wannan yana farko, wancan ya kai tsakiya, wata ta mayar baya. Ko sau ɗaya hoton bai tsaya yana juyi ba. Ni kuwa baki ba linzami, na tambayi malamar nawa suke kashewa a data kullum. Ta bi ni da ido kamar da Hausa na yi mata magana.

Mai kula da na'urorin ne ya fitar da ni kunya. Ya buɗe wani ɗan ɗaki kamar sito, ya nuna mini kwamfuta guda, saba suke ce mata. Bidiyon yana cikinta. Sau ɗaya aka sauke shi, daga nan wayoyin da aka bi bango da su suke kai shi kowane aji, ba sai ya sake bi ta intanet ba.

Wallahi sai da na yi dariya. Ashe sana'ar masu tura fim ce ta kasuwar Taminus! Mutum ya sauke sau ɗaya, ya tura wa ɗari. Yaranmu ma haka suke yi da Xender.

Abin da ya ƙona mini rai ke nan. Makarantar da na koyar a gida tana da kwamfutoci, an lulluɓe su da zani saboda ƙura, makulli na aljihun shugaba, sai manyan baƙi za su zo a buɗe. Yaro ba zai taɓa linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawar JAMB, alhali tun 2015 da kwamfuta ake zana ta. Mu ce babu wuta, babu data. To ga Kolibri, manhaja ce kyauta da aka yi don wuraren da babu intanet, har a kan Raspberry Pi tana aiki, 'yar na'urar da ba ta wuce tafin hannu ba. Ƙaramin sola ya ishe ta.

Nan ma da nasu ciwon kan. Komai sai lambar sirri, ta 'yata ta ɓace, kwana uku muna aika saƙo. A gida da na leƙa ofis na ce “Malam, a taimaka”, an gama. Kuma mai cewa Jos akwai sanyi, ya zo nan a watan Janairu.