Faifan Pioneering Women of Bluegrass da na saya

Wallahi satina biyu ina jin faifan nan na Hazel Dickens da Alice Gerrard, kamfanin Smithsonian Folkways ne ya tattara wakokin ya fitar a 1996, amma wasu tun 1965 aka dauke su. A Amurka in ana zancen kidan bluegrass, wani kidan karkara da ake yi da jita da banjo, sai kaji Bill Monroe kawai, mawakin da ake kira uban kidan, kamar mata basu taba komai ba, alhali a kungiyarsa ma an yi Sally Ann Forrester da ta fara kada akodiyon, abin kidan nan da ake ja ana matsewa da hannu biyu, a 1943.

Muryar Hazel ita ta kashe min jiki. Yar West Virginia ce, yankin masu hakar kwal, tana daga murya sama siririya kamar mai kuka, Alice na rike mata daga kasa da jita, kai sai da na ajiye wayata na zauna shiru. Karar banjo din kuma tana tuna min gurmi.

Matsalar daya, daukar tsohuwa ce, a sifikar mota sautin bas, wato kaurin kidan, baya fitowa sosai, gara kasa iyafis. Ni dai kudina basu tafi a banza ba.